Sista Nivedita (1867–1911): Rayuwar Malamar da ta Mayar da Labaran Addinin Hindu Darasin Yara

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Margaret Elizabeth Noble, 'yar ƙasar Ailan wadda aka fi sani da Sista Nivedita, tun daga tasowarta a gidan fasto har zuwa rasuwarta a Indiya a shekarar 1911. An fi mayar da hankali ga aikinta na koyarwa, musamman yadda ta tunkari matsalar koya wa yara labaran ababan bautar addinin Hindu a zamanin da Turawan mulkin mallaka da 'yan mishan ke kallon waɗannan labarai a matsayin camfi. An duba makarantar da ta kafa a Kalkata, da littattafan da ta rubuta domin yara, da kuma sukar da manazarta suka yi wa aikin nata.

1.0 Gabatarwa

A ƙarni na 19, gwamnatin Birtaniya a Indiya ta ɗauki manufar tsame hannunta daga koyar da addini a makarantun da take gudanarwa. Takardar manufar ilimi ta Charles Wood ta shekarar 1854 ta tabbatar da cewa karatun makarantun gwamnati na boko ne zalla. A ɗaya ɓangaren kuma, makarantun mishan suna koyar da Baibul, kuma da yawa daga cikin malamansu ba sa ɓoye raininsu ga addinin iyayen ɗalibansu. Saboda haka yaron da iyayensa mabiya Hindu ne ya samu kansa a tsaka mai wuya: ko dai ya shiga makarantar da ba ta ambaton addininsa ko kaɗan, ko kuwa wadda ke ambatonsa domin ta kushe shi. Labaran Rama da Krishna da Shiva sai suka saura a hannun iyaye mata da kakanni a cikin gida, alhali su matan nan ba su da rabo a makaranta. Ƙidayar jama'a ta shekarar 1901 ta nuna cewa matan Indiya da suka iya karatu da rubutu ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Cikin wannan yanayi ne wata malamar makaranta Baturiya ta sauka a Kalkata, ta zauna a unguwar 'yan ƙasa, ta kafa makarantar 'yan mata wadda ta ɗora harsashinta a kan labaran da yaran suka saba ji a gida.

2.0 Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Margaret Noble a ranar 28 ga Oktoba, 1867, a garin Dungannon da ke arewacin tsibirin Ailan. Mahaifinta, Samuel Richmond Noble, ya yi karatun addinin Kirista a Ingila, ya kuma yi aikin fasto a Oldham da Great Torrington. Ya rasu a shekarar 1877, tun Margaret ba ta wuce shekara goma ba. Mahaifiyarta, Mary Isabel, 'yar gidan Hamilton ce. Ke nan ta gaji abu biyu daga wajen uba: riƙon addini da hidimar talakawa.

Bayan rasuwar mahaifin, aka sa ta tare da ƙanwarta a wata makarantar kwana ta coci a garin Halifax. Tana da shekara 17, wato a 1884, ta fara koyarwa a Keswick. Daga nan ta koyar a gidan marayu a Rugby, sannan a Wrexham, garin masu haƙar kwal, inda ta ga talauci ido da ido, sai kuma Chester.

3.0 Horonta a Fagen Koyarwa

A wannan tsakani ne ta ci karo da ra'ayoyin masana tarbiyya biyu, Johann Pestalozzi na ƙasar Suwizalan da Friedrich Froebel na Jamus, wanda ya ƙirƙiro tsarin makarantar ƙananan yara. Jigon koyarwarsu shi ne a fara da abin da yaro ya sani kafin a kai shi ga abin da bai sani ba, a fara da abin da zai gani ya taɓa kafin a kai shi ga ma'ana, a kuma ɗauki wasa da labari da aikin hannu a matsayin karatu. A farkon shekarun 1890 ta koma Wimbledon a kudancin Landan, inda ta buɗe makarantarta ta kanta bisa wannan tsari. Ta kuma shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Sesame, dandalin tattauna sababbin hanyoyin ilimi.

Duk da wannan nasara, zuciyarta ba ta natsu ba. Tun tana budurwa shakku ya shige ta game da wasu aƙidun cocin da ta taso a ciki. Ta shafe shekaru tana neman mafita, ta karanta kimiyya, ta karanta tarihin Buddha. A watan Nuwamba na 1895, a wani gida a Landan, ta saurari wani malamin addinin Hindu ɗan Bangal mai suna Swami Vivekananda, wanda ya yi suna a taron addinan duniya da aka yi a Shikago a 1893. Vivekananda almajirin Ramakrishna ne, wani waliyyin Hindu da ya rasu a 1886, wanda ya koyar da cewa addinai hanyoyi ne mabambanta masu nufar wuri guda. Margaret ba ta miƙa wuya nan take ba. Ta daɗe tana yi masa gardama da tambayoyi. Daga baya ya bayyana mata cewa babbar buƙatar ƙasarsa ita ce ilimin mata, ya kuma gargaɗe ta game da zafi da talauci da ƙyamar da za ta tarar daga Turawa da 'yan ƙasa baki ɗaya.

4.0 Zuwanta Indiya da Kafa Makaranta

Ta sauka a Kalkata a ranar 28 ga Janairu, 1898. A watan Maris ta gana da Sarada Devi, matar da Ramakrishna ya bari, wadda ta karɓe ta har ta ci abinci tare da ita da wasu Turawa mata. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mace daga jinsin Brahman a wancan zamani, domin al'ada ta hana cuɗanyar abinci da baƙo. Karɓar da wannan dattijuwa ta yi mata ce ta buɗe mata ƙofofin gidajen unguwa. A ranar 25 ga Maris, Vivekananda ya ɗaura mata alkawarin zaman tuzuranci da hidima, ya raɗa mata suna Nivedita, ma'ana wadda aka sadaukar. A wajen bikin ya sa ta yi ibada ga Shiva, sannan ta ajiye furanni a gaban siffar Buddha, wanda ke nuna cewa tun daga ranar farko ba a killace ta a cikin al'ada guda ba.

Bayan wata doguwar tafiya zuwa Almora da Kashmir, ta kama gida mai lamba 16 a layin Bosepara, unguwar Bagbazar. A nan aka buɗe makarantar a ranar 13 ga Nuwamba, 1898, ranar bikin Kali, kuma Sarada Devi ce ta sa wa aikin albarka. Nivedita ta riƙa bi gida gida tana roƙon iyaye su ba ta 'ya'yansu mata. Da yawa sun ƙi, waɗanda aka bayar kuma sau da yawa akan cire su da zarar an yi musu miji, domin auren wuri ya zama ruwan dare.

Tsarin makarantar ya bi abin da ta koya a Ingila, amma kayan aikin na gida ne. Ana koyar da karatu da rubutu cikin harshen Bangali, da lissafi da tarihi da labarin ƙasa, da ɗinki da zane da ginin yumɓu. Zanen gargajiya da matan Bangal ke yi a ƙasa da ƙullun shinkafa lokacin bukukuwa, wanda suke kira alpana, shi ma ya shiga cikin darasi. Ana fara yini da addu'o'in da yaran suka saba da su, kuma darasin tarbiyya yakan fito daga labarin Sita ko Savitri ko wata jaruma ta tarihin Indiya. Hujjarta ita ce, idan ƙa'ida ta ce a fara da abin da yaro ya sani, to abin da 'yar Bagbazar ta sani shi ne labaran kakarta da bukukuwan gidansu. Makarantar da ta yi watsi da waɗannan za ta koya wa yarinya jin kunyar uwarta kafin ta koya mata haruffa.

A shekarar 1899 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a Kalkata. Nivedita ta jagoranci aikin tsabtace lunguna, ta ɗauki tsintsiya da hannunta, ta yi jinyar marasa lafiya a unguwannin talakawa. Wannan aiki ya sama mata amincewar da wa'azi ba zai sama mata ba.

5.0 Batun Kali

Daga cikin ababan bautar Hindu, babu wadda ta fi ba Turawa tsoro kamar Kali. Ana siffanta ta baƙa, harshe a waje, takobi a hannu, da sarƙar ƙoƙunan kai a wuya, kuma ana yanka mata awaki a wurin bautarta na Kalighat. 'Yan mishan sun mayar da ita babbar shaidarsu a kan abin da suke kira duhun kai. Haka nan 'yan boko na ƙungiyar Brahmo Samaj, wadda ta samo asali daga Rammohan Roy a 1828, suna adawa da bautar siffofi gaba ɗaya.

A ranar 13 ga Fabrairu, 1899, Nivedita ta gabatar da lacca a kan Kali a zauren Albert na Kalkata, ta sake yin wata a Kalighat a watan Mayu. Ta yi bayanin cewa mabiya suna kallon siffar a matsayin alama: uwa ce wadda ke ba da rai, ita ce kuma lokaci da mutuwa da ke karɓe shi, kuma mai ibada yana koyon fuskantar abin tsoro ba tare da ya gudu ba. Laccar ta tayar da ƙura. Fitaccen likita Mahendralal Sarkar ya miƙe a zauren ya nuna ɓacin ransa cewa baƙuwa tana farfaɗo da abin da 'yan ƙasa masu ilimi ke ƙoƙarin kawarwa.

A littafinta Kali the Mother na shekarar 1900, akwai wani ɗan babi da ta rubuta domin wata jaririya Ba'amurkiya. A ciki ta kwatanta dangantakar mutum da abin bautarsa da wasan ɓuya tsakanin uwa da ɗanta: uwar takan ɓoye, ɗan ya yi ta nema, kuma duk wani alheri da ya gamu da shi a rayuwa tamkar leƙowar uwar ce. Babu takobi ko jini a wannan babi. Ta zaɓi abin da hankalin yaro zai iya ɗauka, ta jinkirta sauran. Wannan zaɓi shi ne ƙarfin hanyarta, shi ne kuma inda masu suka suka samu abin kamawa.

6.0 Tafiya Neman Tallafi da Komowa

Rashin kuɗi ya sa aka rufe makarantar a tsakiyar 1899, ta tafi Ingila da Amurka neman taimako. A Shikago ta samu damar yi wa yaran firamare magana, inda ta ba su labaran yara masu ibada na Indiya irin su Dhruva da Prahlada. A nan ta fahimci cewa yaron da ba Hindu ba yana iya sauraron labarin addinin wasu ya gane darasinsa ba tare da an nemi ya bar nasa ba. Manya ne suka fi ba ta wahala, domin da yawansu sun riga sun ji labarin Indiya daga bakin 'yan mishan masu neman gudummawa.

Ta komo Kalkata a farkon 1902. A ranar 4 ga Yuli na wannan shekara Vivekananda ya rasu. Jim kaɗan bayan haka ta raba gari a hukumance da ƙungiyar Ramakrishna, domin dokar ƙungiyar ta hana shiga siyasa, ita kuwa ta riga ta yanke shawarar cewa mulkin Birtaniya ne tushen lalacewar Indiya. Makarantar ta ci gaba da taimakon Christine Greenstidel, wata malama daga Detroit wadda ta ɗauki nauyin gudanarwa na yau da kullum. A 1903 aka buɗe sashen matan aure da zawarawa, ana ɗauko su a cikin rufaffen keken doki domin kiyaye al'adar kulle.

7.0 Littafin Labaran Yara

A shekarar 1907 aka buga Cradle Tales of Hinduism, wato labaran da ake renon yaran Hindu da su. Ta tattaro su daga manyan littattafan Ramayana da Mahabharata da Purana, da kuma bakin tsofaffin matan unguwa da take zaune da su. Ta kasa littafin rukuni rukuni: labaran macizai, labarin Shiva, labaran mata masu amana, labarin Rama, labarin Krishna, labaran masu ibada, da labaran manyan sarakuna.

Zaɓin labaran ya nuna manufarta. Dhruva ɗan sarki ne da kishiyar uwa ta wulaƙanta, ya shiga daji neman Vishnu, naciyarsa ta sa aka mayar da shi tauraron arewa wanda ba ya gusawa. Prahlada ya ƙi barin ibadarsa duk da azabar mahaifinsa. Savitri ta bi Yama, mai ɗaukar rai, har ta karɓo ran mijinta da hikimar magana. Gopala ɗan wata matalauciyar bazawara ne mai tsoron dajin da ke kan hanyar makaranta, sai Krishna ya riƙa zuwa a siffar makiyayi yana raka shi. Sarki Yudhishthira kuwa ya ƙi shiga gidan ni'ima sai da karen da ya bi shi da aminci. Kowane labari yana ɗauke da hali guda da ake son dasawa: juriya, gaskiya, amana, tausayi.

Ta ba da labaran daga ciki, yadda mai imani da su zai ba da su, ba tare da tsayawa tana hukunci ko ba'a ba. Da yake da Ingilishi ta rubuta, littafin ya yi aiki biyu: ya gabatar wa yaran Turai addinin da ba nasu ba cikin mutunci, ya kuma mayar wa yaran Indiya 'yan boko gadon da makaranta ta raba su da shi. A daidai wannan zamani Annie Besant da abokan aikinta a kwalejin Hindu ta Banaras sun fitar da littattafan koyar da aƙida masu tsarin darasi da tambaya da amsa. Nivedita ta bi ta hanyar labari.

Sha'awarta ba ta tsaya ga addinin Hindu kaɗai ba. Littafinta The Web of Indian Life na 1904 yana da babi a kan Musulunci a Indiya, inda ta ɗauke shi a matsayin ɓangare na ginin ƙasar. A wannan shekara ta ziyarci Bodh Gaya, inda mabiya Buddha suka yi imani ya samu wayewa, tare da Rabindranath Tagore da masanin kimiyya Jagadish Chandra Bose.

8.0 Siyasa, Fasaha da Ƙarshen Rayuwa

Lokacin da Lord Curzon ya raba lardin Bangal a 1905, Nivedita ta mara wa masu adawa baya da alƙalami da lacca. A 1906 ta je aikin agaji a gabashin Bangal inda yunwa da ambaliya suka yi ɓarna, ta komo da zazzaɓin da ya raunana ta. Ta taimaka wa Bose wajen tsara littattafansa na kimiyya, ta ƙarfafa wa matasan masu zane irin su Nandalal Bose gwiwa su je kogunan Ajanta su kwafi tsofaffin zane-zanen da ke can. A 1910 ta fitar da The Master as I Saw Him game da malaminta, ta kuma riƙe jaridar Karmayogin na ɗan lokaci bayan Aurobindo Ghosh ya bar Kalkata.

Ta rasu a Darjeeling a ranar 13 ga Oktoba, 1911, tana da shekara 43. Ta bar littafin Myths of the Hindus and Buddhists bai kammala ba, sai Ananda Coomaraswamy ya ƙarasa shi, aka buga a 1913 da zane-zanen da Abanindranath Tagore ya jagoranta. Makarantarta tana nan har yau a Bagbazar, a ƙarƙashin kulawar ƙungiyar Ramakrishna Sarada tun 1963.

9.0 Sukar da Aka Yi Mata

Manazarta sun nuna cewa ƙoƙarinta na kare Indiya daga rainin Turawa ya kai ta ga ƙawata abubuwan da 'yan ƙasar da kansu ke kuka da su. Ta yi rubutu a kan tsarin bambancin jinsi na haihuwa da kuma ƙuncin rayuwar zawarawa da sassaucin da waɗanda abin ya shafa ba lallai su yarda da shi ba. Jaruman matan da ta fifita galibi masu haƙuri da sadaukarwa ga miji ne. Bugu da ƙari, labaran da ta zaɓa sun fi wakiltar al'adar manyan jinsuna, kuma yadda ta ɗaura kishin ƙasa a kan alamomin Hindu ya bar tambaya game da matsayin yaron Musulmi ko Kirista a irin wannan makaranta, a lardin da Musulmi suka kai kusan rabin jama'arsa ko fiye. Akwai kuma tambayar da Sarkar ya tayar tun 1899: wane ne ke da hurumin fassara wa mutane addininsu?

10.0 Kammalawa

Rayuwar Nivedita tana da abin da za ta ce wa mai nazarin adabin makaranta a ƙasar Hausa, domin ƙasashen biyu sun ɗanɗani tsarin ilimin mai mulki guda. Kimanin shekara 30 bayan littafinta, Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce domin ɗaliban Arewacin Nijeriya, kuma manazarta sun danganta tsarinsa na aku mai ba da labari da wani tsohon littafin Indiya da ya biyo ta Farisa. Imam ya tuɓe wa labaran baƙi rigarsu ya sa musu ta Hausa da Musulunci. Nivedita kuwa ta bar wa labaran rigarsu, ta nemi mai karatu ya matso ya dube su yadda suke. Hanyoyin nan biyu su ne har yau ke gaban duk mai tsara darasi a kan addinan duniya: ko a sarrafa labarin wasu ya dace da gida, ko a gabatar da shi da sunan masu shi. Nivedita ta nuna cewa hanya ta biyu mai yiwuwa ce ko da ga ƙananan yara, sai dai aikinta ya nuna kuma cewa wanda ya zaɓi labarin da za a bayar da wanda za a bari, shi ne ya riƙe linzamin abin da yaro zai ɗauka a matsayin addinin.